Motar kuran da gobarar batiri: wa zai kira mu in an ce a maido?

Kawuna mai shigo da motoci okaziyo ta Lome shi ya jawo duk wannan dogon surutu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ta fadarmu nan Wadata, ko shayin farko bai jira ba ya miƙo mini salularsa ya ce "kai ɗan boko, duba mini wagga, dillali ya ce rabin kuɗi za a ba ni ita, kuma ba ta shan isansi ko ɗigo, kuran kaɗai taka ci." Na duba hoton, Chevrolet Bolt ce fara tas, ƙirar 2019, daga Amurka aka ɗauko ta. Kafin in buɗe baki wani yaro cikinmu ya ce "Alhaji rufa wa kanka asiri, bam ne za ka kai gida," ya ciro bidiyon nan da ya zagaye WhatsApp na wata mota tana ci da wuta ta ƙasa kamar maƙeri na hura mata zuga-zugi. Wani kuma ya ce ƙarya ce, masu man fetur ne ke yaɗa irin wannan don kar kasuwarsu ta mutu. Aka yi ta musu har shayi ya huce, ni dai na ce wa kawu ya ba ni kwana biyu, kuma kafin nan ya ce wa dillalin ya turo lambar shasin motar.

Abin da na samo ya fi ƙarfin amsar bakin fada, shi ya sa na zubo shi nan.

Ba wanda bai taɓa ganin batirin salula ya kumbura har ya ɗago murfin baya ba. To irinsa ne cikin motar, litiyom, sai dai maimakon ƙwaya ɗaya ɗaruruwa ne ko dubbai aka jera a ƙarƙashin kujeru cikin wani akwatin ƙarfe. Bolt ɗin da kawu ke so ƙwaya 288 gare ta, nauyinsu duka ya haura kilo 400, tsohuwar Tesla Model S kuwa ƙananan batura ne masu kama da pil ɗin tocila fiye da 7000. Cikin kowace ƙwaya akwai falle biyu sirara kamar takarda, ɗaya na alamar ƙari ɗaya na alamar ragi, an naɗe su ko an jera su kan juna, a tsakaninsu kuma akwai wata leda wadda ko kaurin gashin kai ba ta kai ba, ita ce katangar da ke hana su taɓa juna. Duka an jiƙa su da wani ruwa, kuma ruwan nan ba irin asid ɗin batirin dalma da muka saba da shi ba ne, wannan yana kama wuta kamar mai. Wato dukiya ta miliyoyi da rayukan mutanen da ke zaune a sama, duk a kan ledar nan suke jingine.

In ledar ta yage, ko wani ɗan tsinin ƙarfe ya huda ta, ko zafi ya narkar da ita, don daga wajen digiri 130 irin wadda aka fi amfani da ita take fara narkewa, sai falle biyun su haɗu, abin da masu gyaran wuta ke ce wa kur-sirkwi. Wurin ya yi zafi, zafin ya sa sinadaran ciki su fara rushewa, rushewar ta ƙara haifar da wani zafin, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ƙwayar ta kai ɗaruruwan digiri cikin ƴan sakanni, ta fesar da iska mai kama wuta, ta gasa maƙwabciyarta, ita ma ta gasa ta kusa da ita. Ni ɓallewar zafi nake ce masa, kamar ingarma ya tsinke igiya. Wanda ya taɓa ganin wuta ta kama rumfunan zana a kasuwa ran iska ya san yadda take tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Kuma abin da ya fi ɗaure kai, baturan da ake yi da nikel da manganis da kobalt in sun yi zafi sosai su da kansu suke sakin iskar oksijin, to mu da muka saba in wuta ta tashi a watsa mata rairayi ko a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo don a toshe mata numfashi, wannan da guzurin numfashinta take tafe.

Amma fa yaron da ya ce bam ne bai yi wa motar adalci ba. In lissafi za a bi, motar kuran ba ta kai ta isansi yawan kama wuta ba. Hukumar kare jama'a daga bala'o'i ta Suwidin, MSB, ta ƙirga gobarar motoci a 2022, cikin motoci wajen 611,000 masu batiri, har da masu haɗa batiri da inji, 23 suka kama wuta, wato kusan 4 cikin kowace 100,000, alhali in aka haɗa motoci duka lissafin 68 ne cikin 100,000. Tazarar ba kaɗan ba ce. Kuma mu mutanen Yamai bai kamata a koya mana haɗarin isansi ba, ba mu manta daren nan na watan Mayu 2019 ba da tankar mai ta kife kusa da filin jirgi mutane suka fito ɗiba ta fashe, sama da mutum 50 suka rasu nan take, Allah ya jiƙansu. Kullum muna wuce kwalaben ƴan ruwa-ruwa a jere cikin rana tsaka, wani ma da sigari a baki yake zuba maka, ba mai ɗaukar bidiyo don ido ya saba. Ta kuran ce baƙuwa, shi ya sa in ɗaya ta ƙone a Sin ko a Amurka kafin la'asar ta iso salular kowa.

Sai dai ni ba na ɗaukar lissafin Suwidin in ɗora wa Nijar. Motocinsu sababbi ne, ƙasarsu sanyi gare ta, wayoyin gidajensu an bi ƙa'ida wajen ja, kuma in kamfani ya ce a maido mota gobe za a maido ta. Huɗun nan ba ko ɗaya da muke da shi.

Sannan ko da ba ta yawan kamawa, in ta kama ɗin wata irin wuta ce. Littafin da Tesla ta rubuta wa ƴan kwana-kwana ya ce kashe batiri da sanyaya shi na iya cin ruwa wajen lita 11,000. Ku lissafa da bidon garuwa mai lita 25, bido 440 ke nan a kan mota ɗaya. Ruwan ma sanyaya akwatin yake yi, don wutar na can ciki inda ba ya kaiwa, kuma bayan an ce ta mutu tana iya sake tashi bayan awowi ko ma kwanaki, a kan motar ja ko a filin ajiya, saboda akwai ƙwayoyin da suka ji rauni kuma har yanzu da caji cikinsu. Hayaƙin kuma guba ne, akwai iskar da ke ƙona huhu da ido a ciki, ba irin wanda za ka tsaya kusa kana ɗaukar hoto ba ne. Ranar 1 ga Agusta 2024 a Incheon ta Koriya ta Kudu wata Mercedes EQE da ke ajiye a garejin ƙarƙashin wani dogon bene, ba ma a caji take ba, ta fara hayaƙi ta fashe da wuta, aka kwashe sama da awa 8 ana fama, motoci fiye da 100 suka ƙone ko suka lalace, mutum sama da 20 aka kai likita saboda hayaƙi, iyalai da yawa suka bar gidajensu don ba ruwa ba kuran. Bayan nan ne gwamnatin ƙasar ta tilasta wa kamfanoni su riƙa faɗin wanda ya ƙera batirin kowace mota, don da mai mota ma bai san batirin wa yake zaune a kai ba.

Yanzu mu zo kan motar kawu, don labarinta shi ne ya fi kowanne nuna yadda kiran a maido yake aiki, abin da masu Faransanci ke ce wa rapel. A Nuwamba 2020, bayan wasu Bolt sun ƙone suna ajiye, General Motors, kamfanin da ke ƙera Bolt ɗin, ta kira wajen 68,000 ƙirar 2017 zuwa 2019, ta sa musu wata manhaja da ke hana caji wuce kashi 90. Bayan ƴan watanni ta ce ta samo maganin dindindin, shi ma na manhaja. Sai ga shi a Yuli 2021 motoci biyu da aka riga aka yi wa gyaran sun ƙone, ɗaya ma ta wani ɗan majalisar jihar Vermont ce. Aka sake kira. A Agusta 2021 kamfanin ya ce gaba ɗaya duk Bolt da aka taɓa ƙerawa, ƙirar 2017 zuwa 2022, a maido ta, wajen mota 142,000, ya kuma tsayar da ƙera sababbi na tsawon watanni. Da aka bincika sai aka tarar laifi biyu ne daga masana'antar LG mai yin baturan, wani ɗan kunnen ƙarfe da ya yage, da kuma ledar nan ta tsakiya da ta nannaɗe, kuma sai biyun sun haɗu cikin ƙwaya guda ake samun matsala. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma tunda ba a iya nuna wace mota ce ke ɗauke da shi da tabbaci, dole aka kira kowa. Kafin layin gyara ya zo kanka kuma ga sharuɗɗan da aka ba masu motar: kar caji ya wuce kashi 90, kar ka bar shi ya yi ƙasa da tafiyar kilomita 110, kar ka bar ta a caji cikin gida ka je ka kwanta, da ka gama caji ka fitar da ita waje, daga baya har aka ƙara da cewa a wurin ajiyar motoci ka ba sauran tazarar mita 15. Kuɗin aikin ya kai dala miliyar 2, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa 5 ba, ya haura miliyar 1000 na sefa ke nan, kuma LG ta yarda ta ɗauki har miliyar 1.9 a ciki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. A Fabrairu 2021 Hyundai ta kira motoci wajen 82,000, yawancinsu Kona, don a sauya musu batiri ɗungurungum, shi ma na LG, kuɗin ya kai dala miliyan 900. A Paris, cikin Afrilu 2022 bas biyu na kuran ƙirar Bluebus suka ƙone a titi cikin wata guda, kamfanin sufurin birnin RATP ya janye 149 daga aiki. Kafin su duka kuma akwai Samsung Galaxy Note 7 a 2016, salula miliyan 2.5 aka kira, har jiragen sama suka hana shiga da ita.

Mutum in ya ji waɗannan sai ya ce to ai ga shi, duk bam ne. Ni akasin haka na gani. Kiran nan shi ne ya sa lissafin gobara ya zama kaɗan a can, akwai hukuma da ke tattara ƙorafi, akwai kotu, akwai kamfanin da ke tsoron tara, in mota goma ta ƙone cikin dubu ɗari sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake bin kuwa ta rajista ne, ana duba lambar shasi a ga sunan wa take, a aika masa wasiƙa har gida, ya kai wa wakilin kamfani a gyara kyauta, wani lokacin ma ta intanet ake turo gyaran motar na ajiye ƙofar gida. To nan ne gizo ke saƙa. Motar da ke zuwa mana ta bi ta gwanjo, ta shiga kwantena, ta sauka Lome ko Kwatano, ta sauya hannu sau uku ko huɗu kafin duwan ɗinmu ta gan ta. Wasiƙar na can ta tafi wani gida a Amurka wurin mutumin da ya sayar tun shekara biyu da suka wuce, shi kuma ya jefa ta kwandon shara. Ba wanda zai kira Alhaji a Wadata ko a Tawa. A ce ma ka ji labari, wane garaji ne a Yamai zai sauke maka batiri mai kilo 400 ya sa sabo kyauta, wa zai biya kuɗin jirgin ruwa? Kuma ku yi tunanin wace irin mota ce ke faɗuwa rabin kuɗi a gwanjo, sau da yawa wadda ta yi hatsari ce ko ruwa ya ci, asiransi ta biya mai ita ta sallama. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022 an ga motocin kuran da ruwan gishiri ya shiga batirinsu suna tashi da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, don gishirin na bushewa a ciki ya zama gada tsakanin wayoyi. Irin wannan in aka wanke aka goge, a hoto sabuwa ce fil.

Wannan matsala ma ba da motar kuran ta fara ba, tana cikin motocin da muke hawa yau. Jakar iskar nan ta sitiyari da kamfanin Takata ya yi, wadda sinadarinta ke lalacewa da zafi da laima har in ta buɗe ta watso guntayen ƙarfe a fuskar direba, a Amurka kaɗai wajen miliyan 67 aka kira, har da Toyota Corolla da Honda na shekarun 2000, a Faransa kuma a 2024 aka ce wa masu wasu Citroën C3 su daina tuƙa su sam sai an sauya. Cikin Corolla ɗin da ke taksi a garin nan nawa aka taɓa sauya wa? Ku tambayi direban da kuka sani ko ya taɓa jin zancen.

Sai zafinmu. Batirin litiyom ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 35, mu kuwa Afrilu da Mayu 45 ne a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, kuma batirin shi ne ya fi komai kusa da kwaltar. Kar a fahimce ni a karkace, rana kaɗai ba ta kunna batiri mai lafiya, daga 45 zuwa 130 akwai tafiya. Abin da take yi shi ne tsofar da shi da wuri da kuma rage tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari. Motoci da yawa na da ruwan sanyaya batiri da ke zagayawa kamar na radiyeto, in famfonsa ya mutu ko ruwan ya zube ba a lura ba an shiga uku. Tsohuwar Nissan Leaf kuwa ba ta da ruwan ma sam, iska ce kawai, shi ya sa tun 2012 masu ita a Arizona, wadda zafinta ya yi kama da namu, suka yi ta kukan batirinsu na raguwa da wuri. Leaf ɗin ce kuma ta fi araha a kasuwar okaziyo, ita za a fi turo mana.

Ga kuma kuran ɗin kansa. Mota na jan wuta awa takwas ko goma ba tsayawa, abin da firiji da kilima ba sa yi, kuma gidajenmu da yawa wayar da aka ja siririya ce, ba a haɗa ta da ƙasa ba, an yi ƙari kan ƙari. Ka ɗauko ralonjin jaka biyu daga kasuwa ka jona mota ka kwanta, abin da zai fara narkewa ralonjin ne ko priz ɗin bango, batiri bai san hawa ba bai san sauka ba amma gobe a ce motar kuran ta ƙona gida. Ƙara da ɗaukewa da dawowar wuta, wadda muka ga iyakarta daga Agusta 2023 lokacin da Najeriya, da a lokacin ke ba mu wajen kashi 70 na kuran ɗinmu, ta yanke layi, kowa ya koma kan gurup, ƙaramin gurup kuma wutarsa hawa da sauka take yi. Hanya ma ba ta bar mu ba, daga Yamai zuwa Tawa kilomita wajen 550 ne ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, Bolt ba ta kaiwa da caji ɗaya, kuma duk wani rami ko tudun rage gudu da ya daki cikin motar akwatin batiri ya daka. Bugun da a motar isansi sai dai ka ce kash ka wuce, a nan yana iya lotsa ƙwaya ta yi shiru sai bayan sati ta yi magana. Da damina kuma unguwanni nawa ne mota ke iyo cikinsu.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne hannunmu. Ina girmama makanikanmu ƙwarai, mutanen da ke tada injin da Bature ya yafe, wanda ya shiga Katako ya san ba abin da ke mutuwa a garin nan. Amma wannan basirar ta a buɗe a gani ita ce haɗari a nan. Batirin mota na aiki da volt wajen 400, wasu 800, wayoyin nan masu ruwan lemo ba ado ba ne, gargaɗi ne, taɓa su ba tare da an katse layi ba na iya kisa nan take. Akwai kuma wata ƴar kwamfuta cikin akwatin da ke gadin kowace ƙwaya, tana duba zafinta da cajinta, in ta ga abin da bai yi mata ba ta hana caji ko ta rage ƙarfin mota. Ranar da ta hana, mai mota zai je garaji a ce masa "Alhaji ai wannan na'urar ce ke damunka, bari mu tsallake ta." Ranar da aka tsallake ta an kori mai gadi an bar ƙofa buɗe.

Kuma in gaskiya za a faɗa, kafin gobarar motar kuran ta dame mu ta ƙananan batura za ta riga ta. Motocin ƙalilan ne har yanzu, amma babura da kekuna masu caji da baturan sola na litiyom suna ta shigowa, wasu ba suna ba lamba, wasu ma tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta ne aka tattara aka naɗe da leda. A Indiya cikin zafin Maris da Afrilu 2022 baburan kuran suka yi ta kamawa har kamfanoni suka kira dubbai, Okinawa 3,215, Pure EV 2,000, Ola 1,441. A New York a 2023 gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18, yawanci na kekuna da baburan da ake caji cikin ɗaki. Mota ko ba komai tana da akwatin ƙarfe da mai gadi da injiniyoyi a bayanta, kuma a waje take kwana. Babur ɗin ɗan kabu-kabu cikin zaure yake kwana a caji, a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, yara na barci a ciki. Shi ya sa tsarin da Spiro, kamfanin baburan kuran, ke yi a Benin da Togo ya burge ni, ba ka caji a gida, ka kai batirin da ya ƙare tasha a ba ka cikakke, cajin na hannun waɗanda aikinsu ke nan.

Abin na gyaruwa kam. Akwai batirin da ake yi da ƙarfe da fosfat maimakon nikel da kobalt, LFP ake rubutawa, ya fi jure zafi kuma ba ya sakin oksijin da sauƙi, ga araha, illarsa dai bai kai wancan nisan tafiya ba a nauyi ɗaya. Shi BYD ta ƙasar Sin ke sa wa motocinta, har a 2020 ta nuna gwajin da aka soka wa nata ƙusa bai kama wuta ba. Yana iya ƙonewa shi ma, amma ga ƙasa irin tamu shi zan zaɓa ido rufe. Sin kuma, inda galibin motocin da za su zo mana nan gaba za su fito, tun 2020 dokarta ta ce in ƙwaya ta ɓalle dole mota ta ba mutane gargaɗin minti 5 su fita, sabuwar dokar da aka sa wa ranar 1 ga Yuli 2026 kuwa cewa ta yi kar wuta ta tashi kar a samu fashewa sam. Motocin nan zuwa za su yi ko muna so ko ba ma so, Habasha ma tun 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin isansi, kuma ƙasar da ke da rana irin tamu, ga sola a Gorou Banda ga ta Malbaza, ba ta da dalilin gudunsu. Abin da nake so in gani shi ne a duwan, kafin a ba mota okaziyo takarda, a duba lambarta a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, aikin minti biyu ne, kuma a koya wa pompiye ɗinmu wannan irin wuta tun ba ta zo ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai ba sai an ce ka shafa wa naka ruwa ba.

Kawu ya dawo ran Lahadi, na ce masa Bolt ɗin da aka sauya wa batiri mota ce mai kyau, har ma ta fi wata don batirinta ya fi jikinta ƙuruciya. Wadda ba a sauya wa ba kuwa ko kyauta ce kar ta kwana gidansa. Gane bambancin ba wuya, lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba da kuma kan kartigiris, in motar Amurka ce a shafin NHTSA, hukumar da ke sa ido kan lafiyar motoci a can, ake sa ta ya nuna ko akwai kiran da ba a yi ba, ta Turai kuma a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Na ce ya nemi takardar gwanjon ya ga ko ruwa ne ko hatsari ya fitar da ita, ya sa a ɗaga ta a duba cikinta ko akwai lotsawa, in ya saya ya sa mai gyaran wuta na ƙwarai ya ja mata layinta daban daga kwantar, ta riƙa kwana a fili nesa da ɗakin yara, cajin kuma da dare ko da asuba in gari ya huce. In wata rana ya ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ko ƙara kamar ana soya gyaɗa daga ƙasa, ko ya ga farin hayaƙi, kar ya tsaya neman bokiti, ya fitar da kowa su yi nisa ta inda iska ke fitowa, ya kira 18 ya gaya musu tun a waya cewa motar kuran ce.

Ya saurara har na gama, ya ce "to ɗana, na ji, amma mi ya sa shi dillalin bai gaya mini wanga duka ba?" Na ce kawu lambar fa, ya turo? Ya duba salula ya ce a'a, sau uku yana tambaya, kullum sai ya ce yaronsa ne bai je wurin motar ba. Jiya da dare dai ya sake kiran kawu, bai turo lambar ba, amma ya ce ya rage jaka ɗari biyar in za a biya cikin satin nan.